Matasan mishan na Mormon

Matasan mishan na Mormon samari ne da 'yan mata da Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe take turawa wa'azi na wani ƙayyadadden lokaci, sau da yawa zuwa ƙasar da ba tasu ba. Namiji yakan yi wata 24, mace kuma wata 18. Ba a biyan su albashi, ba su suke zaɓar inda za su je ba, kuma a tsawon wa'adin ba a barin ɗayansu shi kaɗai. Ana gane su da tafiya bibbiyu da baƙin bajo mai ɗauke da suna a ƙirji, mazan kuma da farar riga da ɗaurin wuya irin na Turawa. Sunan Mormon ya samo asali ne daga Littafin Mormon, wanda mabiya ikilisiyar suke karantawa tare da Littafi Mai Tsarki. A shekarar 2018 shugaban ikilisiyar na lokacin, Russell M. Nelson, ya nemi a daina kiran su da wannan suna, amma har yanzu shi ya fi yawo a bakin jama'a.

Asali

Joseph Smith ne ya kafa ikilisiyar a jihar New York ta Amurka ranar 6 ga Afrilu, 1830. A wannan shekarar ƙanensa Samuel Smith ya fita yawon wa'azi da kwafin Littafin Mormon, kuma shi ake ɗauka a matsayin ɗan mishan na farko. A 1837 aka tura Heber C. Kimball da abokan tafiyarsa zuwa Ingila, inda suka fara aiki a garin Preston. Waɗanda ake turawa a ƙarni na 19 yawanci magidanta ne da sukan bar iyalansu. A ƙarni na 20 ne aikin ya koma hannun matasa marasa aure. A Oktoban 2012 shugaba Thomas S. Monson ya rage shekarun fita daga 19 zuwa 18 ga maza, daga 21 zuwa 19 ga mata, abin da ya sa yawan 'yan mishan ya haura 80,000 cikin shekara biyu. Hedikwatar ikilisiyar tana birnin Salt Lake a jihar Utah, kuma ta raba duniya zuwa yankunan mishan fiye da 400.

Kira da horarwa

Ikilisiyar tana ɗaukar fita mishan a matsayin nauyi a kan samari, ga 'yan mata kuwa zaɓi ne. Mai son fita yakan zauna da bishop na majami'arsa, a tambaye shi game da imaninsa da halayensa, likita ya duba lafiyarsa, sannan a aika takardunsa zuwa hedikwata. A can ne ɗaya daga cikin manyan shugabanni goma sha biyu na ikilisiyar yake yanke inda za a tura shi. Amsar tana zuwa a wasiƙar da suke kira “kira”, wadda ta ƙunshi sunan yankin, harshen da zai yi wa'azi da shi da ranar da zai fara. A al'adarsu ana buɗe ta ne a gaban dangi da abokai.

Kafin ya tafi yankinsa, matashin yakan shiga cibiyar horarwa. Mafi girma ita ce ta garin Provo a Utah, inda ake koyar da harsuna fiye da 50. Wanda zai yi wa'azi da harshen da ya iya yakan yi kimanin mako uku, wanda zai koyi harshe mai wuya kamar Sinanci ko Rashanci kuma yakan kai mako tara. Cibiyar farko a Afirka an buɗe ta a Tema ta ƙasar Ghana a 2002, aka mayar da ita sabon gini a Accra a 2017. A nan ake horar da yawancin matasan Afirka ta Yamma, da Turanci ko Faransanci.

Tsarin yini

An tsara yinin ɗan mishan tun daga tashi har kwanciya. A tsarin da aka daɗe ana bi, yakan tashi ƙarfe 6:30 na safe, ya yi addu'a, ya motsa jiki na rabin awa, ya yi wanka ya karya kumallo. Daga nan sai karatun littattafan addini shi kaɗai, sai karatu tare da abokin tafiyarsa, sai kuma koyon harshe ga wanda yake baƙuwar ƙasa. Wajen ƙarfe 10 sukan fita, ba sa dawowa sai ƙarfe 9 na dare, ban da hutun cin abinci, su kwanta 10:30. A Janairun 2017 aka ba shugabannin yankuna damar daidaita lokutan da yanayin ƙasa. A wurare da dama na Afirka ana tashi da wuri a koma gida da wuri, saboda duhu da tsaro.

Aikin yini ya ƙunshi neman masu saurare a titi, kasuwa da ƙofar gidaje, ziyartar waɗanda suka yarda a koyar da su, da kai wa mabiyan da suka daina zuwa majami'a ziyara. A 'yan shekarun nan an ƙara da amfani da wayar hannu da Facebook. Darussan suna cikin wani littafin jagora mai suna Preach My Gospel, wanda ya fito a 2004, aka sabunta shi a 2023. Kafin fitowarsa haddace darussan ake yi, yanzu kuwa ana so matashin ya yi bayani da kalmominsa. Kowane mako suna ba da rahoton yawan mutanen da suka koyar, da waɗanda suka halarci sujadar Lahadi, da waɗanda aka yi wa baftisma. Akwai kuma sa'o'in aikin taimako, kamar share unguwa, noma ko koyar da Turanci kyauta.

Rana ɗaya a mako, yawanci Litinin, ita ce ranar shiri. A cikinta suke wanki, cefane, aski, share ɗaki da buga ƙwallo, amma da ƙarfe 6 na yamma sukan koma bakin aiki.

Abokin tafiya

Dokar da ta fi kowace tasiri a rayuwarsu ita ce ta abokin tafiya. Ana haɗa namiji da namiji, mace da mace, kuma wajibi ne kowannensu ya kasance inda ɗan'uwansa zai gan shi ya kuma ji muryarsa, in ban da shiga banɗaki da ganawa da shugaba. Ɗaki ɗaya suke kwana, kowa da gadonsa. Ba su suke zaɓar juna ba. Duk mako shida shugaban yankin yakan yi sauye-sauye, ya canza wa wasu gari ko abokin tafiya, don haka kafin wa'adi ya cika mutum yakan zauna da abokai da dama, wasu daga ƙasashen da bai taɓa zuwa ba.

Ikilisiyar ta ce manufar dokar ita ce kariya daga haɗari, daga ƙazafi da kuma kauce wa hanya, tana kafa hujja da yadda Linjila ta ce Yesu ya aiki almajiransa bibbiyu. Tsofaffin 'yan mishan da yawa sukan ce zama dare da rana da wanda jininsu bai haɗu ba ya fi ƙin sauraron da jama'a ke yi musu wuya.

Ba a kiran su da sunan yanka. Namiji ana ce masa “Elder”, wato dattijo, ko da shekararsa 18, mace kuma “Sister”, wato 'yar'uwa, a haɗa da sunan iyali. Kowane yanki yana ƙarƙashin shugaban mishan da matarsa, waɗanda sukan yi shekara uku. A ƙarƙashinsu ana naɗa wasu daga cikin matasan su jagoranci ƙananan rukunoni.

Dokoki, gida da kuɗi

Kamar sauran mabiya, an hana su giya, taba, kofi da shayi, kuma suna azumin cin abinci biyu a Lahadin farko ta kowane wata. Ƙari a kan haka, an hana ɗan mishan neman aure, kallon talabijin da fina-finan nishaɗi, iyo, da fita daga yankinsa ba tare da izini ba. A Disambar 2018 aka yarda mata su sa wando a wurin aiki, bayan an fara ba da wannan izini a ƙasashen da sauro ke yaɗa cuta.

Shekaru da yawa sau biyu kawai a shekara ake barin su kira gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, sauran hulɗa sai ta wasiƙa. Tun Fabrairun 2019 an ba su damar kira ko aika saƙo duk mako a ranar shiri. Ba a zuwa hutu gida, kuma ko rasuwa aka yi a dangi yawanci ɗan mishan yakan ci gaba da aikinsa.

Matashin da iyayensa ne ake sa ran za su ɗauki nauyin tafiyar. A Amurka da wasu ƙasashe masu arziki kowa yana zuba adadi ɗaya a asusu ɗaya ko'ina aka tura shi, kuma a 2003 an tsayar da adadin a kan dala 400 a wata. Waɗanda ba su da hali suna ba da abin da ya sawwaƙa, majami'arsu ko babban asusun mishan ya cika sauran. Daga asusun ake biyan hayar ɗaki, a ba su kuɗin abinci da na mota.

A Najeriya da Ghana

Tun shekarun 1950 wasu 'yan Najeriya da suka ci karo da littattafan ikilisiyar suka riƙa rubuta wa Salt Lake wasiƙu, wasu har suka kafa majami'u da sunanta. A 1961 aka aiko LaMar Williams ya gan su, amma shirin turo 'yan mishan ya wargaje. Gwamnatin Najeriya ta hana biza bayan an fahimci cewa ikilisiyar ba ta naɗa baƙar fata a muƙaman addini, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya biyo baya. Shugaba Spencer W. Kimball ya soke wannan hani a Yunin 1978. A Nuwambar shekarar Rendell Mabey da Edwin Cannon suka iso tare da matansu, kuma ranar 21 ga watan aka yi wa Anthony Obinna, wani malamin makaranta daga yankin Mbaise na jihar Imo, baftisma. A 2013 ikilisiyar ta fitar da bayanin nesanta kanta daga hujjojin da aka riƙa kare hanin da su, amma har yau 'yan mishan a Afirka suna shan tambaya a kansa.

An buɗe haikalin Aba a Agustan 2005, kuma a Oktoban 2024 aka sanar da shirin gina wani a Abuja. Mabiya a Najeriya sun haura 200,000, mafi yawansu a kudancin ƙasar. An fassara Littafin Mormon zuwa Ibo da Yarbanci. Matasan da ke wa'azi a Najeriya galibinsu 'yan Afirka ne, kuma ana tura 'yan Najeriya zuwa Ghana, Laberiya da Saliyo. Saboda haka a wannan yanki baƙon da ke ƙwanƙwasa ƙofa ya fi zama ɗan maƙwabciyar ƙasa da ke fama da sabon abinci da sabon harshe, ba Bature ba.

Haɗari da wahalhalu

Zazzaɓin cizon sauro, ciwon ciki, haɗarin mota da fashi suna cikin abin da suke fuskanta. A Yunin 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan ikilisiyar a Ghana ta kori 'yan mishan na waje, ba a ɗage dokar ba sai ƙarshen 1990. A Fabrairun 2007 aka sace matasan mishan huɗu 'yan Najeriya a kusa da Fatakwal, aka sako su bayan 'yan kwanaki. A Agustan 2014 aka kwashe su daga Laberiya da Saliyo saboda Ebola, a 2020 kuma annobar korona ta sa aka mayar da dubbai ƙasashensu.

Akwai kuma kewar gida, gajiya da damuwa. A ƙasashen Turai matashi yana iya cika wa'adinsa da mutum ɗaya ko biyu kawai da suka karɓi saƙonsa. Wanda ya dawo kafin lokaci, ko da rashin lafiya ce ta dawo da shi, yakan ji kunyar haɗuwa da mutanen majami'arsa. Masu suka suna ganin matsin dangi da yawan ƙidayar baftisma sun yi wa masu ƙananan shekaru nauyi. Daga 2019 ikilisiyar ta faɗaɗa wani tsari da ke ba waɗanda ba za su iya tafiya ba damar yin aikin taimako suna zaune a gidajensu.

Bambanci da mishan na ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa kalmar “mishan” takan tuna wa mutane ƙungiyoyi irin su CMS, wadda Dokta Walter Miller ya yi wa aiki a Zariya kafin ta koma Wusasa, da SIM, wadda ta kafa asibitin Galmi a Nijar. Waɗannan manya ne da sukan yi shekaru masu yawa a wuri ɗaya, su gina makarantu da asibitoci. Matashin Mormon kuwa watanni kawai yake yi a gari, sannan ya koma karatunsa ko sana'arsa. Ta fuskar fita na ƙayyadadden lokaci da ɗaukar nauyin kai, tsarin ya fi kama da fitar jama'ar Tabligi ta kwana uku, kwana 40 ko wata huɗu, duk da bambancin addini da na tsawon wa'adi. Ikilisiyar ba ta tura masu wa'azi inda hukuma ta hana, kamar Saudiyya.

Bayan dawowa

Idan wa'adi ya cika, shugaban ikilisiya na yankinsu yakan sallami matashin, ya cire bajon, ya ba da labarin tafiyarsa a gaban majami'a. Da yawa sukan yi aure cikin 'yan shekaru, kuma daga cikinsu ake samun yawancin shugabannin ikilisiyar na gaba. Harshen da suka koyo yakan buɗe musu hanyar aiki a kasuwanci da diflomasiyya. Mitt Romney, ɗan takarar shugabancin Amurka a 2012, ya yi mishan a Faransa daga 1966 zuwa 1968, inda ya tsira daga mummunan haɗarin mota. Jon Huntsman, wanda ya koyi Sinanci a Taiwan, ya zama jakadan Amurka a Sin a 2009.