Miriam Makeba: Uwar Sarafina da fim ya raba da ƙasarta

Duk wanda ya kalli fim ɗin Sarafina! na 1992 ba zai manta da uwar yarinyar nan ba, wadda ke aikatau a gidan Turawa, tana rainon 'ya'yan wasu alhali nata suna can Soweto. To, wannan baiwar Allah ita ce Miriam Makeba, mawaƙiyar da duniya ke kira Mama Afirka. Kuma rawar da ta taka ba baƙuwa ba ce a wurinta, domin ita ma ta yi aikatau tana budurwa.

An haife ta a Johannesbag ta Afirka ta Kudu a ranar 4 ga Maris, 1932. Kwananta 18 kacal a duniya aka kama mahaifiyarta saboda dafa giyar gargajiya, jaririyar ta yi wata shida tare da ita a kurkuku. Da ta tasa sai ta shiga ƙungiyar Manhattan Brothers, daga baya ta koma Skylarks ta mata zalla. A nan ne ta gwanance wajen gauraya waƙoƙin gargajiya na ƙabilun Kosa da Zulu da kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka.

Fim ne ya fito da ita duniya, kuma shi ya ja mata. Wani darakta Ba'amurke, Lionel Rogosin, ya ɗauki Come Back, Africa a ɓoye don tona asirin mulkin wariyar launin fata. Miriam ta fito na 'yan mintuna ne kawai, ta rera waƙa biyu, amma da aka nuna shi a bikin finafinai na Benis a 1959 sai kallo ya koma kanta. Daga nan ta wuce Landan, ta haɗu da Harry Belafonte, wanda ya kama mata hannu a Amurka.

A 1960 mahaifiyarta ta rasu. Ta yi shirin zuwa jana'iza, ashe gwamnati ta soke mata fasfo! Maimakon ta yi laushi, sai ta tsaya gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 ta fayyace irin ukubar da baƙar fata ke sha. Nan take aka haramta faya-fayanta a gida.

A waje kuwa tauraruwarta sai ƙara haske take. Ita da Belafonte sun ci kyautar Grammy a 1966, sannan "Pata Pata" ta game duniya a 1967. Amma da ta auri ɗan gwagwarmayar nan Stokely Carmichael a 1968, sai masu shirya wasanni a Amurka suka juya mata baya, aka dinga soke mata kwangila. Dole ta tattara ta koma Gini wajen Shugaba Seku Ture. Nijeriya ma ta ga wasanta a bikin FESTAC na 1977 a Legas.

Sai a 1990, bayan an sako Nelson Mandela, ta sake taka ƙasarta, bayan shekara 31. Shekara biyu tsakani ta fito tare da Leleti Khumalo da Whoopi Goldberg a Sarafina!

A watan Nuwamba na 2008 ta je garin Castel Volturno na Italiya, wajen wasan nuna goyon baya ga marubuci Roberto Saviano, wanda 'yan ta'addar Camorra ke farauta. Tana gama rera "Pata Pata" ciwon zuciya ya kada ta. Ta rasu tana da shekara 76.