Sanya Hoto Cikin Zanen Ƙididdiga: Amfaninsa Da Haɗarinsa

Duk ma'aikacin gwamnati da ya taɓa tsayawa gaban taron manoma da takardar alkaluma a hannunsa ya san wuyar wannan aiki. A ce wani jami'i ya taso daga Gusau ya tafi Kucheri, a ƙasar Tsafe, kan hanyar Funtuwa, don ya yi bayanin yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum sama da dubu 380, Tsafe sama da dubu 260, Bunguɗu kuwa sama da dubu 250. In ya karanta su da baki, kafin ya kai na uku an manta na farko. In ya zana sanduna uku, kowa zai ga wadda ta fi tsawo, amma wanda bai yi boko ba ba zai san wacce ce ta ƙasarsa ba. To, a nan ne hoto yake da rana.

Wannan dabara tsohuwa ce. William Playfair, mutumin Sikotilan, shi ya buga zanen sanduna cikin littafinsa a 1786. A shekarun 1920 kuma Otto Neurath ya kafa hanyar nuna adadi da ƙananan hotuna a birnin Biyana. Matarsa Marie Neurath ta kawo hanyar Nijeriya a shekarun 1950, inda ta yi wa gwamnatin Jihar Yamma ƙananan littattafai masu hotuna a kan ilimi da lafiya.

Abin da a da yake cin makonni da almakashi da gam, yanzu ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Gusau zai gama shi da 'yan layuka na umarnin kwamfuta. Masu aiki da harshen R suna amfani da ggplot2, wanda Hadley Wickham ya ƙirƙira, masu Python kuwa da Matplotlib, wanda John Hunter ya fara a 2003. Mataki uku ne. Da farko a ba kwamfuta adireshin hoton a intanet ta ɗauko shi. Sa'an nan ta mai da shi jerin ɗigogi masu launi, domin haka take ganin kowane hoto. Daga ƙarshe a faɗa mata iyaka huɗu, hagu da dama, ƙasa da sama, bisa ma'aunin zanen kansa, ta ɗora shi a wurin. Hoto irin na PNG ya fi dacewa, domin ana iya barin bayansa fayau, alhali JPEG yakan zo da farin fili ya rufe layukan da ke ƙarƙashi.

Amma fa akwai tarko. Na farko shi ne girma. In an ninka tsawon hoton buhun gero don a nuna amfanin gona ya ninku, faɗinsa ma zai ninku, sai ido ya ga ninki huɗu. Wato an yi ƙarya ba tare da an taɓa alkalami ko ɗaya ba. Maganin da Neurath ya bayar shi ne a jera buhu biyu masu girma ɗaya.

Na biyu, adireshin intanet yakan mutu. Mai hankali yakan ajiye kwafin hoton tare da alkalumansa, don rahoton baɗi ya fito kamar na bana.

Na uku, hoto yana da mai shi, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare shi. Ko a rumbun Wikimedia Commons, inda ake ɗauka kyauta, yawancin hotuna suna da sharaɗin a ambaci mai su.

Na huɗu ya fi duka nauyi, wato gaskiyar hoton. Wanda ya ɗauko hoton wata makaranta ta wata ƙasa ya manna a kan alkaluman Tsafe ya zubar da mutuncin alkaluman, ko da kuwa daidai suke. Jama'a sun san garuruwansu, kuma da zarar sun ga hoton ba nasu ba ne, sai su ƙi yarda da sauran bayanin.

Saboda haka muna jawo hankalin ma'aikata da ɗalibai, kafin su sanya hoto su tambayi kansu: shin zai taimaki mutumin Kucheri ya gane adadin? In ado ne kawai, a bar zanen yadda yake. Allah ya sa mu dace.