Kiwon Tsuntsu A Potiskum: Abin Lura Kafin A Biya Kuɗi

Garin Potiskum na Jihar Yobe ya yi suna da kasuwar shanu, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Amma ban da shanu da hatsi akwai wani ciniki da ba a cika zancensa ba, watau na tsuntsayen sha'awa, kamar su tattabara da kanari da aku. Wanda zai sayi sa yakan duba haƙori da kofato, ya tambayi asali. Mai sayen tsuntsu kuwa sau da yawa launi da kuka kaɗai ke jan hankalinsa, sai ya je gida ya tarar ya sayo wa kansa wahala.

Tambayar farko ita ce, a ina aka samo tsuntsun? Wanda aka ƙyanƙyashe a gida ya saba da mutane da abincinsu. Wanda aka kamo daga daji kuwa yakan ƙi ci, ya yi ta dukan keji, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Aku mai jan wutsiya ɗan kurmi ne, daga kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango ake kawo shi, da yawa kuma a hanya suke halaka. Saboda ƙarancinsa ne taron ƙasashen yarjejeniyar CITES da aka yi a Afirka ta Kudu a 2016 ya haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. A nan gida an kafa dokar kare namun daji masu ƙarewa a 1985, aka tsananta hukuncinta a 2016. A 2025 ma'aikatan kwastan sun kama tsuntsaye fiye da 1,600 a filin jirgin saman Ikko, za a kai su Kuwaiti. Gauraka ma ta isa ishara. A da takan yi garke a fadamun Haɗeja da Nguru, amma kamu da lalacewar fadama sun sa ganinta a Nijeriya ya zama abin labari.

Na biyu shi ne lafiya. Tsuntsu mai lafiya idonsa garau, gashinsa kwance, yana tsalle yana ci. Wanda ya takure ya buɗa gashi, ko hancinsa na yoyo, ko ƙarƙashin jelarsa ya ɓaci da zawo, a bar shi ko da kyauta ne, gama araha ba ta ado. An tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji ta Jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ta jawo asarar kaji masu ɗimbin yawa. Akwai kuma zazzaɓin aku, wanda mutum ke ɗauka ta shaƙar ƙurar busasshen kashin tsuntsu. Don haka likitocin dabbobi ke ba da shawarar a ware baƙon tsuntsu kamar kwana 30 kafin a haɗa shi da na gida, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a kuma nisanta keji daga madafa da ɗakin yara.

Na uku, yanayin gari. Daga Maris zuwa Mayu zafin Potiskum yakan haura digiri 40, kejin da aka rataye a ƙarƙashin kwano kuwa tanderu ne. Tsuntsu na bukatar inuwa, da ruwan sha sabo safe da yamma, da kasko na wanka. Da hunturu sai a lulluɓe kejin da dare. Tilas kuma kejin ya ishe shi buɗe fukafukai, ya kuma tsare shi daga kyanwa da ɓera.

Na huɗu, abinci da tsawon rai. Gero da dawa suna da sauƙin samu a kasuwar hatsi, su ne cimar tattabara. Aku na bukatar 'ya'yan itace da ganye, gyaɗa mai fumfuna kuwa guba ce gare shi. Kanari yakan yi kamar shekara 10, aku kuwa yakan kai 40 har 50, watau yana iya binne mai shi. In ya rasa abokin hira sai ya shiga fige gashin kansa.

Saboda haka tattabara ta fi dacewa da mai farawa. Ta saba da ƙasar, tana yin ƙwai biyu ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18, tana shawagi ta komo ɗakinta da kanta.

Malamai sun halatta ajiye tsuntsu bisa sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa. Mahaifin da ɗansa ya matsa masa sai an sayo kanari, ya fara tambayar kansa wa zai zuba ruwa ranar da yaron ya gaji. Wanda ya rufe ƙofar keji ya ɗauki amana, za a kuwa tambaye shi a kanta.