Kafin Maigida Ya Sayi Babur: Ƙaramin Inji Ko Babba?

Na san wata za ta ce ina ruwan mace da zancen inji? Da ruwanmu mana, domin kuwa mu ake goyawa a baya, ƙafarmu ce kusa da salansa, kuma ranar da babur ya kwana gun makanike, tukunyarmu ce ke fara ji a jikinta.

Lambar nan da kike gani a jikin babur, 100 ko 125 ko 150, ba ado ba ce. Girman cikin silinda ne inda fetur ke ƙonewa, ana auna shi da cc, kuma cc 1000 shi ne lita guda. Gwargwadon girmansa gwargwadon ƙarfinsa: Boxer mai 100 yana da ƙarfin doki wajen 8, mai 150 kuwa wajen 12. Sai dai fa man da inji ya sha, abin da ke juya taya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, saura duk zafi yake zama. Ke nan wanda ya fi shan mai shi ya fi fitar da zafi.

Yawancin baburan garin nan ba su da lagireto irin na mota, iska ce ke sanyaya su, shi ya sa aka yi wa kan injin zara-zaran ƙarfe. To ki duba cunkoson Kantin Kwari a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, babur na tsaye inji na aiki, ina iskar take? A nan babban inji gasa ƙafafu kawai zai yi, ƙarfin nasa bai tsinana komai ba.

Amma kada ki ce ƙaramin ya tsira. A ɗora masa maigida da uwargida da yara biyu da buhun masara, a miƙi hanyar Wudil, tafiyar kilomita wajen 40, an murɗe totur har ƙarshe, wallahi shi ma zai ɗau zafi, baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, fistin ya kama. Hanyar da mai 150 zai bi cikin natsuwa, shi da kyar yake numfashi.

Ni dai shawarata, aiki za a duba, ba idon abokan majalisa ba. In zirga-zirgar maigida daga gida ce zuwa kasuwa da kai yara makaranta, mai 100 ko 110 ya wadatar. In yana fita ƙauye da kaya, ya nemi 150. Mai yin duka biyun 125 ne nasa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san darajar lita, wanda kuwa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kowanne aka saya, a riƙa juye baƙin mai a kan kari, a wanke taɓon da ya toshe zara-zaran nan, in tsayuwa ta yi tsawo a kashe inji. Ke kuma in za ki hau, ki tattare zane da mayafi, ki kula da ƙafar yaro, don salansa ba ta san na gida ba.

Ki faɗa masa cikin lafazi mai daɗi, bayan ya ci ya ƙoshi. Allah ya tsare mana mazajenmu a hanya, amin.