Ɗingishin Kura: Gaskiya Ko Ƙazafi?

Idan gardawa suka sauka Kafanchan da kurarsu cikin sarƙa da takunkumi, ba a rasa mai nuna ƙugunta ya ce gurguwa ce. Ga baya a zube, ga tafiya kamar tana jan ƙafa. Wasu su ce mayu ne ke hawanta da dare har ƙugun ya sauka. Wasu su ɗora wa sanda laifi, tunda kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zancen sanda akwai ƙamshin gaskiya, domin kurar wasa tana shan wuya, abin tausayi. Yawancin mutane ma ita kaɗai suka sani, don ko a duwatsun Kagoro, inda maharba ke fitowa bikin Afan kowace 1 ga Janairu, da wuya yau a ji kukan ta daji. Amma wadda aka haifa a rami, ba ta taɓa ganin gardi ko maye ba, ita ma haka ƙirarta take. Ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, ƙarfi ya taru a wuya da kafaɗa, shi ya sa take sungumar cinyar babbar dabba ta wuce da ita a baki.

Gaɓar nan ta ƙafar baya da ake gani ta lanƙwasa baya kuwa, diddige ce a ɗage, don a kan yatsu huɗu kura ke takawa. Gwiwar tana can sama dab da ciki, tana duban gaba irin ta mutum. In za ta ɗaga ƙafa, cinya ta yi gaba, gwiwa da idon sawu su naɗe tare, su miƙe kafin yatsu su taɓa ƙasa. Nauyi na sauka, agara ta ɗame kamar danƙon harbin tsuntsu, ta saki, ta cilla jikin gaba.

Da waɗannan ƙafafu take gudun da ya kai kilomita 60 a awa. Hans Kruuk, wanda ya bi kuraye a Serengeti da Ngorongoro na Tanzaniya, ya nuna a littafinsa na 1972 cewa yawancin naman da suke ci su suka farauto, sukan bi dabba har ta gaji.

Tsoro dai a bar mata, ga tsoro ga ban tsoro aka ce. Gurguntaka kuwa ƙazafi ne.