Linzami ko Mataimaki: Matsalar Sanya wa Sassan Furotin SnRK1 Suna a Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Yuli na 2025 ambaliya ta auka wa unguwannin Yola ta Kudu, ciki har da Yolde Pate, duk da cewa kalmar yolde a Fulfulde tudu take nufi. Manoman fadamun Binuwai, waɗanda suka sha irin wannan a 2012 da 2022 bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun san cewa idan ruwa ya shanye gona masara kan riga shinkafa mutuwa. Ɗaya daga cikin dalilan da masana kimiyya suka gano yana tattare da wani furotin mai suna SnRK1. Wannan maƙala za ta dubi sassan wannan furotin, domin a ga sunan da ya dace da kowanne a Hausa, ganin cewa malamin gona ba zai iya bayyana abin da harshensa bai raɗa wa suna ba.

2.0 Aikin Furotin

Tsiro yana haɗa sukari da hasken rana, sannan ya ƙona shi da iska domin samun kuzari. Idan duhu ya daɗe, ko ruwa ya toshe iska, kuzari kan ragu. A nan ne SnRK1 kan tashi: ya tsayar da ayyukan da ke cinye kuzari, kamar girma, ya buɗe rumbun sitaci da tsiron ya tara. Baena-González da abokan aikinta sun nuna a 2007 cewa yana taɓa ƙwayoyin gado kusan 1,000 a cikin tsiron Arabidopsis. A 2009 kuma aka nuna cewa da shi ne ƙwayar shinkafa ke narkar da sitacinta ta tsira a ƙarƙashin ruwa. Yana da 'yan uwa biyu: SNF1 a cikin yisti, da AMPK a jikin dabbobi da ɗan Adam.

3.0 Sassa Uku da Sunayensu

Furotin ɗin gungu ne na sassa uku: alfa, beta da gama. Alfa ke gudanar da aikin, don haka kiransa mai zartarwa bai da gardama.

Gardamar tana ga sauran biyun, waɗanda ake kira masu daidaitawa. Abin da zai fara zuwa wa mai fassara shi ne ya ce mataimaka, tunda ba su ne ke aikin ba. Sai dai wannan kalma tana ɗauke da ma'anar cewa alfa ba ya iya motsi sai an tallafa masa, alhali binciken Ramon da abokan aiki na 2019 ya nuna akasin haka. Alfa na tsiro a kunne yake da kansa, kuma idan aka sake shi cibiyar tantani yake shiga ya juya ƙwayoyin gado. Beta, wanda iri uku ne a Arabidopsis, biyu daga cikinsu na ɗauke da wani ɗan kitse a goshinsu da ke manna su ga fatar tantani, ta haka suke riƙe alfa a waje. Wato ke nan aikin beta ya fi kama da na linzami ga doki mai son sukuwa. Bahaushe ya san linzami ba ya ƙara wa doki ƙarfi, kuma ba ya hana shi tafiya. Yana dai ƙayyade inda zai nufa da lokacin da za a sakar masa. Saboda haka wannan maƙala ta fifita sashen linzami a kan mataimaki.

Gama ya fi wuyar sha'ani. A jikin dabba shi ke auna sinadarin AMP, wanda yawansa ke nuna kuzari ya yi ƙasa, don haka ma'auni ya dace da shi. Amma tsiro ya saɓa. Abin da ke tsaye a gurbin gama wani ruwa-biyu ne, beta-gama, wanda aka bayyana a masara a 2001, kuma a 2015 aka nuna cewa AMP ba ya tayar da gungun tsiro kai tsaye. Abin da ke danne shi wani sukari ne mai suna T6P, wanda kan yawaita idan tsiro ya ƙoshi. Idan aka ari ma'auni daga littafin likitanci aka ɗora wa wannan sashe, ɗalibin aikin gona a Jami'ar Modibbo Adama zai ɗauka cewa dawa da akuya hanya ɗaya suke gane yunwa. Sunan ruwa-biyu, wanda ya tsaya ga sifar sashen bai yi alkawarin wani aiki ba, shi ya fi aminci a halin yanzu.