Ko ka sani? Kwamfuta ba ta san cikakken sunanta ba

Shiga tasha a Kano ka ce kana da saƙo zuwa Dogarawa. Ɗan kamasho zai dube ka ya ce, "Malam, wace Dogarawa?" Akwai ta Sabon Garin Zariya, akwai ta Malbaza a jihar Tawa, kusa da Galmi mai albasa. Sai ka faɗi gunduma da jiha da ƙasa kafin a ɗora kayanka.

Haka abin yake ga kwamfuta. Tana da gajeren suna na cikin gida, wanda aka raɗa mata ran da aka girka ta. A intanet kuwa sai da cikakke, mai ɗauke da asalinta kaf. Dubi www.gouv.ne na gwamnatin Nijar. Daga dama ake warware shi: ne ƙasa ce, gouv gidan gwamnati, www kuma na'urar da ake nema. A ƙa'ida ma akwai ɗigo ɗaya bayan ne, shi ne tushen duk sunaye, mutane ne kawai suka saba barinsa. Paul Mockapetris ya ƙirƙiro wannan tsari na DNS a Amurka a 1983, kuma suna ba ya wuce haruffa 253.

Abin mamakin shi ne, sau da yawa gajeren sunan ne kaɗai na'urar ta riƙe a ka. In mai rubuta manhaja ya kira gethostname, galibi shi za ta miƙo masa. In cikakken yake so, a Linux ya buga hostname -f, a Python kuma socket.getfqdn(). Nan sai ta fita cigiya. Yawanci takan fara leƙa wani ɗan kundi nata mai suna /etc/hosts, in babu sai ta tambayi DNS, kamar yaron da aka tambaya sunan kakansa ya ruga wurin uwarsa.

A ganina nan Python ta yi sake. In cigiyar ba ta yi nasara ba, ba ta ƙorafi. Shiru za ta dawo maka da gajeren sunan, ka ɗauka ka samu abin da ka nema. Sai daga baya wata uwar garken imel ta ƙi karɓar saƙonka, don na'urarka ta gabatar da kanta da rabin suna.

Don haka, ɗan'uwa mai rubuta manhaja, kafin ka yarda da amsar, duba ko akwai ɗigo a cikinta. In babu, koma /etc/hosts ka gyara.